Ga Fuska, Ina Gida? Tarihin Ɗaukar Hoton Bahaushe a Muhallinsa

Masu iya magana na cewa gani ya kori ji. Wannan karin magana ta girmi kyamara nesa ba kusa ba, amma da kyamarar ta iso ƙasarmu sai ta zama kamar dominta aka yi maganar. Sai dai duk wanda ya taɓa zama ya buɗe tsohon albam na gidansu ya san cewa gani kaɗai ba ya kore tambaya. Za ka ga dattijo ya sha rawani ya hakimce bisa kujera, ka tambayi ko wane ne, a ina aka ɗauke shi, a wace shekara, a rasa mai ba ka amsa, domin tsohuwar da ta sani ta riga mu gidan gaskiya.

A ganinmu, hoton mutum ba ya zama cikakkiyar shaidar tarihi sai ya haɗa abu uku, wato fuskar mutumin, da sunansa, da wurin da yake zaune ko yake neman abincinsa. Abin da za mu bi diddiginsa a wannan maƙala shi ne yadda aka shafe fiye da shekara 100 ana ɗaukar Bahaushe hoto, amma da wuya ukun nan su haɗu a takarda guda. Baƙi sun ɗauki wurin sun yar da sunan. Mu kuma da kyamarar ta zo hannunmu, sai muka riƙe sunan muka rufe wurin da labule. Mun zaɓi mu tsaya a Darna Sabon Gari, cikin ƙaramar hukumar Illela ta Jihar Sakkwato, mu hango al'amarin daga can, saboda mutanen bakin iyaka su ne wannan giɓi ya fi cuta.

Ƙasar da aka auna

Garin Illela yana arewa da birnin Sakkwato da tafiyar kilomita 80 da 'yan kai, kuma tsakaninsa da Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar 'yan kilomita ne kaɗan. Darna Sabon Gari ɗaya ce daga mazaɓun ƙaramar hukumar, tare da irin su Darna Tsolawo da Kalmalo da Araba da Gidan Hamma. Ƙasa ce ta gero da wake da albasa da kiwo, kuma kasuwar dabbobi ta Illela mai ci ranar Lahadi ta yi suna a ƙasashen biyu. Ba baƙuwar tarihi ba ce. A Maratta, can ƙetaren iyakar yau, aka haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754, kuma Ƙonni da Matankari suna cikin wuraren da jama'ar Shehu suka fara kai wa yaƙi a 1804. A watan Mayu na 1899 kuma rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta afka wa Birnin Ƙonni ta yi kisan da har yau ba a manta ba.

Layin da ya raba Illela da Ƙonni a kan tebur aka haife shi. A yarjejeniyar 1898 Ingila da Faransa sun kafa tsinin alƙalami a kan Sakkwato suka zana baka mai nisan mil 100, suka ce abin da ke ciki na Ingila ne. Faransawa suka ga an bar su da hanyar da ba rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Damagaram, suka yi ta ƙorafi, sai yarjejeniyar 1904 da ta 1906 suka turo layin kudu, Ƙonni ta faɗa hannun Faransa. Daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi layin da ƙafa, suka kafa alamomi 148 daga Kwara zuwa tafkin Chadi. A cikin ayarin Tilho akwai tafinta mai suna Landeroin, wanda ya zauna da dattawa ya rubuta tarihin sarautun yankin, ya kuma fitar da littafin nahawu da ƙamus na Hausa. Duk da haka, abin da gwamnatocin biyu suka aike su nema shi ne layi. Takardun yarjejeniyar sun kiyaye lambar kowace alama da inda aka kafa ta, amma manomin da layin ya ratsa gonarsa ba ya cikin lissafi. Mai karatu ya riƙe wannan, domin irin wannan kallo ne kyamarar baƙi ta yi mana.

Wuri ba suna

Lokacin da Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851 ya kuma iso Wurno da Sakkwato a 1853, an riga an ƙirƙiro hoto a Turai tun 1839, amma kayan aikin sun yi wa matafiyin raƙumi nauyi. Da fensir ya zana abin da ya gani. Da ya koma gida, wani mai zane da ake kira Bernatz, wanda bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, shi ya ƙawata zanen aka buga a littattafansa. Shahararren zanen nan na Kano daga kan dutsen Dala ta haka ya samu. Ke nan tun kafin kyamara, surarmu ta fara zuwa duniya ne ta hannun wanda bai san mu ba.

A 1888 George Eastman na Amurka ya fito da kyamarar Kodak wadda ake riƙewa a hannu, a 1900 kuma ya fito da Brownie da ake sayarwa dala 1. Saboda haka lokacin da sojojin Lugga suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris, kyamara ta riga ta zama kayan jakar hafsa. Ɗaya daga cikin ayyukan farko da aka sa ta a ƙasar nan aiki ne mai ɗaci. Masana tarihi sun ruwaito cewa bayan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada a Burmi a watan Yuli na 1903, Turawa sun ɗauki hoton gawarsa suka yi ta nunawa don mutane su sakankance ya rasu, su daina ƙaura suna bin sa. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin yadda kakanninmu suka riƙa gudun akwatin Nasara ba, balle ga maganar malamai a kan hukuncin sura, wadda aka daɗe ana muhawara a kai kafin akasarinsu su bambanta hoton kyamara da sassaƙa gunki.

Bayan an kafa mulki sai marubuta da masu yawon buɗe ido suka biyo baya. Ɗan jarida E. D. Morel ya zagaya Nijeriya ya buga littafi a 1911 mai hotuna da yawa na garuruwan Arewa. Manjo Tremearne ya buga littafi kan al'adu da camfe-camfen Hausawa a 1913, da wani kan bori a 1914 wanda ya yi bincikensa cikin Hausawan Tunis da Tarabulus. Matuƙin jirgi Walter Mittelholzer, mutumin Suwizalan, ya sauka Kano a tafiyarsa ta zuwa tafkin Chadi a 1930 zuwa 1931, ya ɗauki birnin daga sama ya kuma ɗauki kasuwa daga ƙasa, kuma hotunan suna ajiye a wani ɗakin karatu a birnin Zurik. A 1959 Eliot Elisofon na mujallar Life ya zo ya ɗauki marinar Kano.

Kada mu yi butulci, waɗannan hotuna taska ce. Da su muke ganin tsayin ganuwa kafin a cinye ta, da fasalin rumfunan kasuwa, da ɗinkin riga, da yadda ake ɗaure kaya a bayan jaki. To amma mai karatu ya dubi rubutun da ke ƙarƙashin irin waɗannan hotuna da katunan da ake aikawa ta gidan waya. In ba sarki ba ne ko babban hakimi, yawanci abin da za ka gani shi ne "wani Bahaushe ɗan kasuwa" ko "matar Bahaushe" ko "marina a Kano". Mutumin ya zama samfur, kamar yadda ake ɗauko kan gero ɗaya a ce ga irin geron ƙasar. Haka hawan daba da aka yi wa Yariman Ingila a Kano a 1925 da wanda aka yi wa Sarauniya a Kaduna a 1956, an san sunan baƙon da na sarakuna, dubban mahaya da zagage kuwa ado ne. Haka dalar gyaɗa ta Kano, kowa ya san sunan Alhassan Ɗantata, amma leburorin da ake gani a hoto suna hawa da buhu a ka, ba wanda ya tambayi sunansu.

Suna ba wuri

Sannu a hankali kyamara ta sauko hannun baƙar fata. A kudu an yi Jonathan Adagogo Green na Bonny, wanda ya ɗauki hoton Sarkin Bini Ovonramwen a 1897 lokacin da Turawa suka kama shi. A garuruwan Arewa, da yawa daga shagunan hoto na farko Yarbawa ne da sauran mutanen kudu suka buɗe su a unguwannin Sabon Gari, a Nijar kuma mutanen Dahome da Togo, kafin 'ya'yan gari su koya a hannunsu. Dattawanmu suna tune da akwatin nan mai ƙafa uku da ake kafawa a tasha ko a bakin kotu, mai shi ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle, ya wanke hoton nan take a cikin akwatin. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ita ma ta taimaka wajen sabar wa mutane ganin fuskar wanda suka sani a takarda.

A shagon hoto al'amarin ya juye. Yanzu mai fuskar shi ke biya, saboda haka shi ke zaɓen yadda za a gan shi. Ya sa rigar Salla, ya ari agogo ko rediyo, ya tsaya gaban labulen da aka zana wa bene ko jirgin sama ko furannin da ba sa tsiro a ƙasarmu. Seydou Keita na Bamako, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, a tsakar gidansa yake ɗauka da hasken rana, amma sai ya rataya zane a baya, ya ajiye keke da Vespa da alƙalami don masu son aro. A Gana kuma Philip Kwame Apagya ya yi suna a shekarun 1990 da labulen da aka zana wa firji cike da abinci da talabijin.

Ba mu ga laifin wanda ya yi haka ba. Mutumin da baƙo ya saba ɗauka cikin tsumma ba da izininsa ba, yana da haƙƙin ya tsaya cikin shadda ranar da ya biya kuɗinsa. Hoton situdiyo shaida ce ta burin mutane, kuma buri ma tarihi ne. Amma dole mu faɗi asarar da aka yi. Jikan da ya gaji hoton ya san sunan kakansa, bai san fasalin zauren gidan ba, bai ga maƙerar ba, bai ga rumbunan laka da suka sha bamban da na ƙasar Kano ba, bai ga rijiyar da garin ke sha ba.

Hukuma kuwa nata hoton ya fi kowanne tsiraici. Hoton fasfo ƙa'idarsa ita ce a share komai, a bar kai da kafaɗa gaban farin bango. Shi ake liƙawa a takardar tafiya Makka, da katin shaida, da katin zaɓe, musamman tun rajistar 2011 da aka haɗa hoto da zanen yatsa. Ga mutumin bakin iyaka, wanda kawunsa ke Ƙonni gwaggonsa ke Illela, wannan ɗan hoto shi ke faɗin ƙasar da yake, alhali ko ƙwayar ƙasa ɗaya ba ta fito a cikinsa ba.

In kuma kyamarar jarida ta zo, bala'i ne ya kawo ta. Ta zo a farin 1973 zuwa 1974, ta zo a yunwar Maraɗi ta 2005. Ta zo lokacin da aka rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, da daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma daga Agusta 2023, bayan juyin mulkin Nijar, zuwa Maris 2024. Abin da aka fi bugawa shi ne jerin manyan motoci da ƙofar da aka garƙame. Ɗan kabu-kabu da ɗan canjin sefa da mai dakon albasar Galmi da mai tuwo-tuwo a tasha, waɗanda rufewar ta taɓa tukunyarsu, sai dai a hango su a gefen hoto.

Inda ukun suka haɗu

A ƙasashen Turai an daɗe da gane darajar tsayar da mutum a wurinsa. August Sander na Jamus ya buga littafi a 1929 inda ya nuna mutanen ƙasarsa sana'a sana'a, har da mai gashin burodi a ɗakin girkinsa da lebura da tubali a kafaɗa. A 1946 Arnold Newman na Amurka ya ɗauki mawaƙin nan Stravinsky a can kusurwar hoto, ya bar wa kayan kiɗansa sauran filin, don ya nuna cewa aikin mutum ɓangare ne na fuskarsa. A Yamai, Philippe Koudjina, wanda ya rasu a 2014, ya riƙa fita daga shago a shekarun 1960 da 1970 yana bin matasa wuraren shaƙatawarsu, kamar yadda Malick Sidibe ya yi a Bamako.

Mu ma muna da namu, sai dai ba mu ɗauke shi da daraja ba. Muna nufin hoton amarya a gaban jerenta. Da yake mace mai kulle ba ta zuwa shago, mai hoto ne ake shigo da shi ɗaki, kuma da yake jeren abin alfahari ne, ba mai rufe shi da labule. Wanda ya jera irin waɗannan hotuna na gida ɗaya daga kaka zuwa jika zai karanta tarihin tattalin arziki da idonsa: daga ƙorai zuwa tasoshi, daga tasoshi zuwa kwanonin kwalla da langa, daga nan zuwa tangaran da kabad mai gilashi, daga gadon ƙarfe mai rumfa zuwa na katako. Ga fuska, ga suna, ga ɗaki. Ba jami'a ce ta tsara wannan ba, iyaye mata ne.

A zamanin nan an sami waɗanda suka yi abin da gangan. A 2015 Fati Abubakar, 'yar Maiduguri, ta ga duniya ba ta san garinsu da komai ba sai bam, sai ta fara ɗaukar 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki a inda suke, tana haɗawa da abin da suka faɗa da bakinsu. Wanda ya fi kusa da mu marubuta kuwa shi ne aikin Glenna Gordon, Ba'amurkiya, wadda ta buga littafin hotuna a 2016 kan mata marubuta littattafan Hausa, ciki har da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. Ta ɗauke su a ɗakunansu, wasu suna rubutu a littafin makaranta bisa gado, kuma ta sa sunayensu. Aiki ne mai kyau, amma ya kamata ya sa mu tambayi kanmu: marubuta nawa ne a cikinmu ƙungiya ta ajiye hotonsu a inda suke rubutu, ba a kan babban tebur ranar ƙaddamarwa ba?

Abin da ya rage gare mu

Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya kuma ta zo da kyamara a jikinta, an wayi gari saurayi a Darna yana iya ɗaukar hoto a wuni ɗaya fiye da abin da kakansa ya gani a rayuwarsa. Sai dai yawa ba ajiya ba ne. Waya na faɗawa rijiya, ana sace ta, ana goge ta don a sami wurin sabon fim. Hoton baƙi-da-fari na 1965 da ke ƙasan adaka yana iya riga na bara tsira.

Saboda haka muna ba 'yan'uwa shawara, musamman rassanmu na ƙananan hukumomi. Da farko a fara da abin da ke hannu, a zauna da tsofaffi tun suna raye, a rubuta a bayan kowane tsohon hoto sunan mai shi da garin da shekarar, ko da kimantawa ce da wani abin da ya faru, kamar shekarar canjin kuɗi ta 1973. Na biyu, a ɗauki masu sana'a a bakin sana'arsu, maƙeri a maƙera, dillali a kara, mai ɗinkin hula a zaure, a ja da baya kaɗan don wurin ya fito, a rubuta sunan kowane kayan aiki da karin harshen garin, domin sunan da Basakkwace ke kiran abu sau da yawa ba shi Bakano ke kiransa ba. Na uku, a wanke mafi muhimmanci a takarda, a kai kwafi Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato ko Gidan Arewa a Kaduna.

Wajibi ne kuma a yi sallama kafin a ɗaga kyamara. Zaure iyaka ne, kuma ya girmi ta Tilho. A nemi izini, a faɗi inda hoton zai je, a ba mai shi nasa. A kuma tuna cewa gabashin Sakkwato ya sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan, don haka hoton mutum a tsakiyar garkensa, da sunansa da na ƙauyensa, in aka watsa shi a intanet yana iya zame masa masifa. Irin wannan a ajiye shi a taska, ba a Facebook ba. Shingen jami'an tsaro kuwa a bar shi sai da izininsu.

Daga ƙarshe, darasin ya shafi alƙalaminmu kansa. Sau da yawa mukan karanta labarin da tauraronsa ke zaune a bene, yana hawa Marsandi, yana tashi zuwa Landan, amma ba za ka iya cewa ga garin da yake ba. Wannan labulen situdiyo ne aka rataya da kalmomi. A kwatanta da Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarinta daga bakinta a ƙasar Zazzau a 1949 zuwa 1950, aka buga a 1954. Abin da ya sa har yau ake karanta ta shi ne an bar ta da sunanta, da gidajen da ta yi aure, da kasuwar da ta ci, da kishiyoyin da ta zauna da su. Matashin marubuci da ke Illela ko Gada ko Gwadabawa ba ya bukatar aron Abuja. Ya zaunar da tauraronsa a kasuwar Lahadi, sefa a aljihun dama, naira a na hagu, ya gaya mana abin da ke gabansa da abin da ke bayansa. Allah Ya ba mu ikon adana abin da muka gada, amin.